Kwat Ɗin Malamin Aji Huɗu

Malamin aji huɗu ɓarawo ne. Bai taɓa haura katangar kowa ba, amma zango biyu cur yana cin albashin aikin da ba ya yi, ya bar yara arba'in da shida suna kallon kujera. A farkon shekara aka kawo shi makarantar. Kwana biyu ya yi, lokacin yara na ta sharar dawowa daga hutu, ba su ma tantance fuskarsa ba. A rana ta uku ya rataya kwat ɗinsa a bayan kujerar aji, ya ajiye wani tsohon tabarau a kan tebur, ya ce wa abokan aikinsa, "Yanzu-yanzu zan dawo." Daga nan ya wuce ɗakin kajin da ya gina a bayan gidansa, bai sake taka harabar makarantar ba. Shi ya sa suka raɗa masa Malam Yanzu-Yanzu.

Bai bar ajin haka kawai ba, wayonsa ya wuce nan. Ƙanwar matarsa ta gama kwalejin horon malamai tana zaune a gida ba aiki, sai ya lallaɓa ta ta riƙe masa ajin na mako biyu kacal, da alkawarin zai kai takardunta inda ya dace. Takardun suna nan a ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa, baƙin mai ya ci rabinsu. Hedimasta kuwa, duk yammacin Lahadi kiret ɗin ƙwai na isa gidansa. Shi kuma sai ya zaro rajistar malamai daga jaka, Malam Yanzu-Yanzu ya ɗora ta a kan tankin babur ya sa hannu a layi biyar, Litinin zuwa Juma'a, kowanne ƙarfe bakwai da rabi. A takarda dai, duk makarantar babu wanda ya kai shi sammako.

Umarni ɗaya ya bai wa ƙanwar matar tasa, wadda yara ke kira Anti. "Duk wanda ya leƙo ya tambaye ni, ki nuna masa kwat ɗin nan, ki ce ga Malam nan, yanzu zai dawo."

Ta bi umarnin fiye da yadda ya so. A makon farko yara suka tambaya ina malaminsu, ta nuna musu kwat. Suka sake tambaya, ta sake nunawa. Kafin wata ya cika abin ya zama ƙa'idar aji: da safe a miƙe a gaida Malam tukuna, sannan a gaida Anti. Monita ce ke kaɗe masa ƙura. Wanda ya cika surutu a kai shi gaban kujera ya durƙusa ya ba Malam haƙuri. Mai kwat ɗin bai san ana yi ba, domin ko sau ɗaya bai taɓa tambayar halin da ajin ke ciki ba.

Ran wata Laraba da hantsi yana tsugune a ɗakin 'yan tsaki, yana ɗiga musu maganin rigakafi a ido ɗaya bayan ɗaya, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya maƙale ta a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, ai yau ba Lahadi ba ce."

"Bar zancen Lahadi," in ji Hedimasta, murya ƙasa-ƙasa kamar daga banɗaki yake magana, kuma daga can ɗin ne. "Sufeto ta sauka daga hukumar ilimi. Ba takarda, ba waya, sai mota kawai muka gani. Aji-aji take bi, yanzu ta shiga aji ɗaya."

"Mace ce?"

"Mace ce, irin wadda ba ta dariya. Aji biyu da aji uku ne tsakaninka da ita. In ta riga ka shiga aji huɗu, wallahi ban san ka ba, ban taɓa ganin ƙwanka ba."

Malam Yanzu-Yanzu ya saki ɗan tsakon da ke hannunsa ya faɗa cikin gida a guje. Matarsa na shara a tsakar gida.

"Lafiya? Gobara ce?"

"Ina farar rigata? Makaranta za ni."

Ta jingina tsintsiyar da bango, ta dube shi sama da ƙasa. "Makaranta? Wa ya rasu?"

"Ba na son rainin hankali. Ina rigar?"

"Tana kan igiya. Ka dai san hanya ko? In ka kai gidan mai sai ka yi dama, wani gini ne mai tuta a gaba."

Ya nufi igiyar da gudu. Ya zura rigar a kan singiletin aiki, ya hau babur. Tana kiransa ya tsaya ta cire masa gashin kaza daga ƙeya, bai waiwayo ba.

Da ya isa ya tarar da ƙofar makarantar a rufe. Tsohon maigadin da ya sani ya bar aiki tuntuni. Wanda ke wurin yanzu wani dogon dattijo ne, tsohon soja, yana zaune a kan benci da wani babban littafi a cinya, an ɗaure biro a jikinsa da zare.

"Baba, buɗe mini da sauri."

"Sannu da zuwa. Wurin wa?"

"Ni malami ne a nan. Aji huɗu."

Maigadi ya karkata kai ya leƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofar, can wajen tagogin ajujuwa. "Malamin aji huɗu yana ciki. Ga kwat ɗinsa can ina hangowa. Wata biyar ina aikin nan, ban taɓa riga mutumin nan zuwa ba, kuma kullum ni nake tashi in bar shi."

"Baba, kwat ɗin tawa ce!"

"To in bashinta ka zo bi, ka bari a tashi. Yau muna da manyan baƙi."

Malam Yanzu-Yanzu ya kira Hedimasta, wayar na ta ƙara ba a ɗauka ba. Can ya hango wata gajeriyar mace ta fito daga aji biyu, Hedimasta na biye da ita yana sunkuyar da kai, suka shige aji uku.

"Baba, don girman Allah. Me kake so in yi?"

"Abin da kowa ke yi." Maigadi ya buɗe littafin ya miƙa masa biro. "Duk wanda ban san fuskarsa ba sai ya shiga littafin baƙi. Ita kanta Sufeto sai da ta rubuta, ba ta yi mini gardama ba. Suna a nan."

Ya rubuta cikakken sunansa, ya sa hannu.

"Lokaci." Maigadi ya ɗaga agogonsa zuwa haske. "Goma da minti goma sha biyu. A'a, kada ka ci mini minti biyu, rubuta sha biyun."

Ya rubuta.

"Wanda ka zo gani."

"Na ce maka ni ne..."

"Ba a barin gurbi. Aji huɗu ka ce ko? Sa malamin aji huɗu."

Da mutumin yana da sauran hankali a jikinsa da ya tsaya a nan ya yi tunani. Amma idonsa na kan ƙofar aji uku. Ya rubuta malamin aji huɗu, a gurbin dalili ya sa gaggawa. Maigadi ya duba layin a tsanake, ya gyaɗa kai, ya ciro wani kati mai igiya daga aljihu ya rataya masa a wuya, sannan ya zare sakata.

"In za ka fita ka dawo mini da katina."

Malam Yanzu-Yanzu ya bi ta bayan ajujuwa a duƙe, kada a hango shi ta taga, ya faɗa aji huɗu yana haki. Anti na tsaye a gaban allo da alli a hannu. Kafin ya buɗe baki benci ya yi ƙara, yara arba'in da shida suka miƙe tsaye lokaci guda, kamar yadda aka koya musu in baƙo ya shigo.

"Barka da zuwa, baƙonmu! Muna farin ciki da ganinka!"

"Shhh! Ku zauna, ku zauna!" Ya fizge allin daga hannun Anti. "Ke, koma can baya ki zauna. In an tambaye ki, uwar wani yaro ce ke, kin zo duba karatunsa."

"Wanne daga ciki, Yaya?"

"Ko wanne!"

"To ka zaɓa mini mai ƙoƙari, kada a ce ɗana daƙiƙi ne." Ta ɗauki jakarta ba gaggawa, ta je bencin ƙarshe ta zauna, ta naɗe hannu. Fuskarta kamar ba ta san komai ba, sai dai gefen bakinta na motsi.

Ya juya ga allo. An cika shi da da'irori da aka yanka gida-gida, da lambobi wasu bisa wasu. Ya sa hannun riga ya share duka, ya rubuta biyu sau biyu da manyan baƙaƙe. Yana sa alamar daidai aka yi sallama a ƙofa.

Yara suka sake miƙewa suka rera gaisuwar baƙo. Sufeto ta amsa musu, ta ce su zauna. Gajeriya ce, ta manyanta, da tabarau a kan hanci da ɗan littafi a hannu. A wuyanta akwai kati mai igiya, irin nasa sak. Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa, da ya ga wanda ke gaban allo ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ranki ya daɗe, ga malamin aji huɗu. Yana cikin haziƙanmu."

"Na ga rajista," in ji ta. "Ci gaba da darasinka, Malam. Ka ɗauka ba na nan." Ta je ta zauna kusa da Anti.

Malam Yanzu-Yanzu ya gyara murya. "To yara, kamar yadda muka tsaya jiya. Biyu sau biyu nawa?"

Yara suka dubi juna, suka waiwaya suka dubi Anti.

"Kada ku ji tsoro. Biyu sau biyu?"

Monita ta ɗaga hannu, wata siririyar yarinya mai kaifin ido a bencin gaba. "Huɗu ne. Amma mu mun wuce nan tun aji biyu. Kashi muke yi, ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu. Ka share mana aikin gida ba mu gama kwafa ba."

"Bita muke yi," ya ce, ya yi wa Sufeto murmushi. "Ina son bita ƙwarai, ranki ya daɗe. Ke, zauna. Kai, mai babban kai, uku sau uku?"

"Malam," in ji Sufeto daga baya, "ba shi da suna ne?"

"Yana da shi mana. Wasa ne tsakaninmu. Duk 'ya'yana ne."

"To kira mini uku daga cikin 'ya'yan naka da sunayensu."

Ya dubi fuskoki arba'in da shida, suka dube shi. Ya kira wani suna da ya tabbata ba a rasa shi a kowane aji. Yara huɗu suka miƙe. Ya ce na kusa da taga yake nufi, na kusa da taga kuwa ba ya cikin waɗanda suka miƙe.

Sufeto ta rubuta wani abu a littafinta, ta taso ta dawo gaban aji. Ta yi magana da yaran a hankali, kamar kaka da jikoki.

"Ku gaya mini, wa ke koya muku karatu?"

"Anti!" Duk suka juya baya.

"Uwar wani yaro ce, ranki ya daɗe," in ji Malam Yanzu-Yanzu da sauri. "Takan ɗan taimaka in na zaga."

"To. Ina kuma malaminku?"

Nan ya ɗan ja gaba, ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji don kada yaran su sha wahalar nema. Yatsu arba'in da shida suka tashi sama, suka wuce ta gefensa, suka tsaya a kan kujerar da ke bayan tebur.

"Ga shi can!"

Sufeto ta dubi kwat ɗin. Launin toka ce a da, yanzu rana ta cinye kafaɗar da ke fuskantar taga ta koma fari-fari. Ta sauke tabarau ta sake dubawa.

"Wannan ne malaminku?"

"Shi ne," in ji Monita. "Kullum sai mun gaishe shi."

"Yana da kirki?"

"Sosai. Bai taɓa dukan kowa ba. Bai taɓa makara ba. Magana ce dai ba ya yi."

Daga bencin ƙarshe aka ji Anti ta yi wani irin tari, ta rufe baki da gyale.

"Wannan bawan Allah fa?" Sufeto ta nuna mai riƙe da alli.

"Baƙo ne. Ga katinsa nan a wuya."

Sai a lokacin Malam Yanzu-Yanzu ya tuna da katin. Ya damƙe shi a tafin hannu kamar zai haɗiye. "Ranki ya daɗe, shirmen yara ne. Kwat ɗin nan tawa ce, da kuɗina na saya. Zafi ne ya sa na cire ta ɗazu da safe."

"Ɗazu da safe."

"Wallahi."

"To sa ta mu gani."

Ya miƙa hannu zai ɗauka, ajin ya kaure. "Kada ka taɓa Malam! Anti, zai taɓa Malam!" Ya daka musu tsawa ya fizgo kwat ɗin. Ta taso a sandare, da siffar bayan kujera a jikinta. Ya zura hannun dama, yatsunsa suka ci karo da wani abu mai tauri a cikin hannun rigar, ya tura da ƙarfi, gidan zanzaro ya farfashe, ƙasa da matattun tsutsotsi suka zubo a kan takalminsa. Ya daure ya zura na hagu. Amma zango biyu na ƙwai da naman kaza ba su tafi a banza ba: mutumin da ya rataya kwat ɗin siriri ne, wanda ya zo ɗauka kuwa ya yi tumbi da wuya. Ya ja gaba biyun don su haɗu, suka ƙi. Ya riƙe numfashi ya ja da ƙarfi. Sai ji aka yi ɓaarr, ɗinkin baya ya rabu tun daga wuya har ƙasa.

Wata 'yar ƙarama a benci na biyu ta fashe da kuka.

"Ya kashe Malam!"

Sufeto ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Anti, "Uwar yaro, zo ki rarrashe su, ki mayar musu da aikin da aka share. In kin gama ki same ni a ofis." Ta juya ga Hedimasta, wanda ya fara ja da baya. "Kai kuma aika a karɓo mini littafin maigadi."

A ofis ta shimfiɗa littattafai biyu a kan tebur, rajistar malamai a dama, littafin baƙi a hagu. Malam Yanzu-Yanzu na tsaye da kwat a yage a jikinsa, ya rasa yadda zai cire ta. Ta sa yatsa a dama.

"Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Yau Laraba, ka iso bakwai da rabi." Ta sa ɗaya yatsan a hagu. "Wannan fa?"

Ya saci kallon Hedimasta.

"Hannu ɗaya ne, ko makaho ya shafa zai gane. Goma da minti goma sha biyu, ka zo ganin malamin aji huɗu, da gaggawa." Ta ɗago kai. "Ka same shi?"

"Ranki ya daɗe, maigadin ne ya tilasta..."

"Maigadi ya yi aikinsa. Shi kaɗai na samu yana yi a ƙa'ida tun da na shigo." Ta koma kan rajista ta gangara da yatsa. "Na ga gobe Alhamis ma ka riga ka zo, bakwai da rabi. Jibi ma haka. Sannu da ƙoƙari. Hedimasta, a ina rajistar nan take kwana?"

Hedimasta ya ce a ofis. Ta ce to ta yaya mutumin da maigadi bai taɓa gani ba yake sa hannu a littafin da ke kwana a ofis. Hedimasta ya ce shi ma abin na ba shi mamaki, zai kafa kwamiti. Malam Yanzu-Yanzu ya juya ya dube shi.

"Kwamiti? Ranka ya daɗe, kiret nawa ka ci?"

"Wane kiret? Ni likita ma ya hana ni ƙwai!"

"Shi ya sa uwargidanka ke sayarwa a ƙofar gida?"

Sufeto ta bar su suka yi ta tona wa juna asiri, ita dai tana rubutu. Ba ta katse su ba sai da Anti ta yi sallama.

"Tun yaushe kike riƙe da ajin nan?"

"Tun mako na farko, ranki ya daɗe. Mako biyu aka ce mini."

"Kin san laifi ne ki tsaya a aji ba da sanin hukuma ba?"

"Na sani. Na ga in na tafi ba mai shiga ne."

"Kina da shaidar koyarwa?"

"Ina da ita. Takardun na wurin Yaya, zai kai mini inda ya dace."

Aka aika maigadi ya buɗe kujerar babur. Ya dawo da ambulan ɗin riƙe da yatsu biyu, yana ɗigar baƙin mai. Anti ta dubi ambulan ɗin, ta daɗe tana dubansa. Wannan karon ba abin da ke motsi a gefen bakinta.

"Ke kika kitsa mini wannan," in ji Malam Yanzu-Yanzu. "Ke kika koya musu gaida riga. A gidana kike ci, a gidana kike kwana!"

"Yaya, cewa ka yi duk wanda ya tambaya in nuna masa kwat. Su suka fi kowa tambaya."

Sufeto ta rufe littattafan biyu ta sa a jakarta. Ta ce wa Anti ta nemo wasu takardun ta kai mata ofis da hannunta, kada ta ba kowa saƙo, ba ta kuma yi mata alkawarin komai ba. Ta ce wa Malam Yanzu-Yanzu zai iya tafiya.

A bakin ƙofa maigadi ya tare babur ɗin. Ya karɓi katinsa, ya duba igiyar ko ta tsinke. Da yake Sufeto ta tafi da littafin, sai ya yago takarda ya sa shi rubuta lokacin fita.

"Ka ga malamin kuwa?" ya tambaya. "Mutumin kirki. Ba ruwansa da kowa."

Bayan mako uku takarda ta fito. An sauke Hedimasta daga muƙaminsa, an tura shi wata makaranta mai nisa ya riƙe aji ɗaya. Malam Yanzu-Yanzu kuwa an kore shi daga aiki, an kuma soke sunansa daga rajistar malamai.